Baƙon Abu Majid

Asabar, 5 ga Zulƙida, bayan la'asar

Likitarsa, Duktura Abir, ta ce in riƙa rubuta abin da mijina ya ci da abin da ya yi kullum, in kai mata ƙarshen wata. Ɗanmu Majid ya sayo mini littafi a Kudai, nan cikin Makka. Na fara da Larabci, ban yi layi biyu ba hannuna ya koma Hausa da kansa. Ba za ta iya karantawa ba. Ba komai, na gaya mata da baki.

Ya ci abinci. Ya sha magani. Ya yi barcin rana.

Da azahar na shimfiɗa masa sallaya. Ya yi kabbara, ya kai "maliki yaumiddin", sai ya yi shiru. Ina bayansa ina jira. Can ya waiwayo ya dube ni, ya faɗi wata magana da Turanci. Shekara talatin da ɗoriya muna tare, Abu Majid bai taɓa yi mini Turanci ba. Da karyayyen Larabcinsa ya nemi aurena wurin Yaya Tsoho, da Hausar da ya tsinta a kasuwar tumaki yake tsokanata. Na ƙarasa masa Fatihar da ƙarfi, yana bina kamar ɗan makaranta.

Talata, 8 ga wata, da hantsi

Jiragen nan masu saukar ungulu sun fara shawagi, kamar kowace shekara idan Hajji ya ƙarato. Ina zuba masa shayi ɗaya ya wuce ta kan unguwarmu, Mansur, ƙasa-ƙasa. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya fizgo hannuna, muka zube tare a jikin bango, ya danne kaina da tafinsa. Shayin ya ƙona ni a cinya. Bai sake ni ba sai da ƙarar ta ɓace.

Da ya sake ni ya ce, "Ma'alesh, Rakiya," wato in yi haƙuri. Ya san sunana yau.

Abin da na sani na rayuwarsa kafin ni bai cika cokali ba. An haife shi a Ostireliya, sunansa na da Warren. Yana saurayi aka kai shi yaƙin Biyetnam. Ya dawo ya shiga cinikin tumaki, yana loda su a jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutanen garinsu sun taɓa zaɓensa ɗan majalisar jiha, bai cika shekara ba ya bari. Yana da 'ya a can, Nora, da matarsa ta fari. Ya musulunta a Jidda, ya zaɓi suna Ma'aruf. Idan na tambaye shi yaƙin sai ya ce, "Ruwan sama da sauro." Idan na tambaye shi majalisar sai ya ce, "Kujerar ba daɗi." Ni kuwa sai in yi dariya in bar maganar. Ina ganin mutunci nake yi masa.

Alhamis, 10 ga wata, azahar

Ya ci abinci. Ya sha magani.

Juma'a, 11 ga wata, bayan an sauko

Zan wuce da tire daga kicin zuwa falo, ya ɗaga hannu ya ce da Hausa, tsaf, "Bi a hankali. Kada ki ture shi."

Na ce, "Wa?"

Ya nuna bakin ƙofar falo, tsakanin labule da na'urar sanyaya ruwa. Babu kowa. Takalman Majid ne kawai a wurin.

Na ce, "Abu Majid, wane ne?"

Ya ce, "Ya gaji da tsayuwa." Sai ya koma Turanci, ba da ni ba, da bakin ƙofar. A hankali yake magana, da irin muryar da yake yi wa Majid sa'ad da yake ƙarami yana zazzaɓi.

Na raɓa ta gefe na wuce. Ban san me ya sa na raɓa ba.

Lahadi, 13 ga wata, da walaha

Yaya Tsoho ya zo da ful, dafaffen waken nan, da burodin tamis mai zafi. Ya zauna kusa da Abu Majid yana ta ba shi labarin kasuwa, wane ya rasu, wane ya rufe shago, farashin rago bana ya haukace. Abu Majid yana murmushi yana gyaɗa kai, amma idonsa na kan ƙofa.

A kicin Yaya ya rage murya. "Rakiya, wannan ba aikin mustashfa da likitoci ba ne kaɗai. A kira mai ruƙiyya."

Majid da ke wanke hannu ya ce wa kawun nasa da Larabci, "Ya Hali, ciwo ne. Duktura ta nuna mana hoton kansa."

"Hoton ya nuna wanda yake yi wa magana?"

Majid ya ci gaba da wanke hannunsa.

Kafin ya tafi Yaya ya tsaya a kan matakala ya ba ni labarin da na sha ji, amma yau ya ba da shi dabam. Ranar da ya fara ganin Abu Majid a tashar jiragen ruwa ta Jidda, jirgi ya iso da tumaki cikin zafin bazara, na can ƙasa suna ta mutuwa. Masu kaya duk suna ofis mai sanyi suna gardama. Shi kuwa wannan dogon Baturen ya tuɓe riga ya sauka cikin ƙazanta da bokiti, yana ɗaga kan kowace tunkiya yana ɗura mata ruwa, har da waɗanda kowa ya ga ba za su tashi ba. Yaya ya ce, "Da ina cewa tausayi ne. Yanzu da na tuna fuskarsa, kamar wanda ake bi a baya ne."

Talata, 15 ga wata, la'asar

Akwai kalma ɗaya da yake maimaitawa. "Nuk. Nuk." Na tambayi Majid, ya ce ba Turanci ba ce.

Ya ci rabin abinci.

Laraba, 16 ga wata, bayan azahar

Ya cika kofi da ruwa ya kai bakin ƙofa ya ajiye a ƙasa. Na ɗauke. Ya sake cikawa ya ajiye. Na bar shi. Da la'asar na duba, ruwan ya ragu kaɗan. Na'urar sanyaya ɗaki tana busar da komai a gidan nan, har miya a tukunya. Na sani. Na rubuta ne kawai.

Asabar, 19 ga wata, da magariba

Yau ya ɓata.

Na shiga wanka da safe, ban jima ba. Na fito na tarar da ƙofar gida a buɗe, takalmansa na nan, shi ba ya nan. Na sa abaya a kan jiƙaƙƙen jiki na sauka. Na bi layinmu, na bi na baya, na tambayi mai wanki, na tambayi mai shagon kusurwa. Majid ya baro aiki. Gari ya cika da alhazai, duk inda na duba farar riga ce da furfura. Ina tafe ina kiran "Ma'aruf, Ma'aruf", sai na tsaya cak a tsakiyar titi, don na tuna mai yiwuwa ba ya amsa wannan sunan yanzu. Ɗaya sunan kuwa ban taɓa furta shi da ƙarfi ba. Bakina ya ƙi.

Wajen azahar Issoufou mai tsire ya bugo wa Majid waya. Ya je sayen gawayi ta wajen unguwar Misfala ya gan shi zaune a gefen titi, ba takalmi, tafin ƙafarsa duk ya tashi. Wasu alhazan ƙasashen gabas ne suka zagaye shi, ƙananan mutane masu huluna iri ɗaya, sun riƙe masa laima. Issoufou ya ce ya kama hannun wani dattijo a cikinsu ya ƙi saki, yana kuka yana ba shi haƙuri da Turanci. Dattijon bai san me ake ce masa ba, yana dai shafa masa kai yana cewa "sabar, hajji, sabar," wato haƙuri.

Na wanke masa ƙafa na shafa magani. Yana kallona kamar ma'aikaciyar asibiti mai kirki.

Lahadi, 20 ga wata, da safe

Majid ya sa wa ƙofa sakata daga sama. Ni da kaina na ce a sa. Duk lokacin da na ja ta sai in ji kamar na ɗaure rago.

Litinin, 21 ga wata, bayan la'asar

Majid ya zauna gabana yana juya wayarsa a hannu, na san akwai magana.

"Ummi, na kira Nora."

Na ce, "Yaushe?"

"Ranar da ya ɓata. Tana hanya. Jibi za ta sauka Jidda."

"Ba ka tambaye ni ba."

"Ubanta ne, ya Ummi." Ya faɗa da Hausa, abin da ba ya yi sai in yana so in sauko. Sai ya koma Larabci ya zubo sauran da sauri. A can Ostireliya akwai gidan kula da tsofaffin sojoji. Akwai likitocin da suka san irin wannan tun daga tushe. Akwai lambu, babu matakala, kowa yana jin yaren da yake yi yanzu. Nora tana so ta tafi da shi.

Na ce, "Ya bar ƙasarsu ya zo nan don ya mutu a nan. Da bakinsa ya faɗa, a gaban Yaya."

Majid ya ce, "Wanda ya faɗi haka yana jin abin da kike ce masa. Wannan fa?"

Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo.

Ban taɓa ganin Nora ba sai a hoto. Ba musulma ba ce, ba za ta iya shigowa Makka ba. Sai dai mu fitar da shi. Tun da aka faɗi haka nake jin in ya ƙetare iyakar Harami ba zai sake ƙetarowa ba.

Talata, 22 ga wata, azahar

Bai yi salla ba. Ya tsaya a kan sallaya yana kallon zanenta. Na ɗaga masa hannuwa, ya bar su a sama har na sauke masa.

Duktura ta ce an ɗauke masa alƙalami, malamin masallacinmu ma haka ya ce. Na yarda. Abin da ke hana ni sakat shi ne ranar ƙarshe. Wace magana ce za ta fito daga bakinsa, kuma da wane yare?

Juma'a, 25 ga wata, da safe

Jiya muka je Jidda. Sai yanzu na iya riƙe alƙalami.

Majid ya tuƙa, Yaya Tsoho a gaba, ni da shi a baya. A shingen Shumaisi layin masu shigowa ya yi tsawo, 'yan sanda na duba takardun kowa. Mu masu fita ba wanda ya tsayar da mu. Da muka wuce iyaka ya juya yana kallon gilashin baya, sai ya matsa jikina ya bar wuri a gefensa, wajen ƙofa. Haka muka yi tafiyar a matse, mu biyu a kujerar mutum uku.

A gidan Basma, 'yar Yaya, aka haɗu. Nora doguwa ce kamar shi, furfura ta fara mata, ta yafa ɗan gyale da ke ta zamewa. Ta miƙo mini hannu, sai ta fasa ta rungume ni, ƙashinta duk a waje kamar nasa. Da ta juya gare shi ta ce "Dadi", ya dube ta ya daɗe. Sai ya ce, "Noni." Ta durƙushe a gabansa.

Suka yi ta magana har la'asar. Maganar na fita daga bakinsa ba tuntuɓe, ba neman kalma. Ya yi dariya har da buga gwiwa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin azumi. Majid yana fassara mini gutsi-gutsi: wani kare da suka taɓa yi, wata mota da ta maƙale a rafi. Ina zaune da finjalin gahawa ya huce a hannuna, ina cewa a raina, Rakiya, ki bar shi ya tafi. Me kike riƙewa?

Da ya ɗan yi gyangyaɗi, na ce wa Majid ya tambaye ta abin bakin ƙofa. Bai so ba, na matsa. Tana ji ta ajiye kofinta.

Ta ce, "Ya dawo ke nan."

Ta ce tun tana yarinya suke da shi. A gidansu ba a rufe ƙofar falo, ba a kuma ajiye komai a bakinta. Uwarta ta yi haƙuri har ta gaji. Ranar da ya bar majalisa tana wurin, an sa mata sabuwar riga, suna zaune a bene ita da uwarta don su ji jawabinsa a kan tsofaffin sojojin da suka dawo da ciwo. Ya miƙe da takarda a hannu, ya faɗi jimla ɗaya, sai idonsa ya tsaya a kan babbar ƙofar zauren. Aka yi ta jira. Wani ya yi tari, wani ya yi dariya. Ya ajiye takardar ya fita ta ƙaramar ƙofa, bai sake komawa ba.

Na ce, "Wane ne?"

Ta ce ba ta sani ba. Ta tambayi abokan yaƙinsa biyu kafin su mutu, ɗaya ya ce bai tuna ba, ɗaya ya kashe waya. Ba ta san ko nasu ne ko ɗan Biyetnam ba.

Na ce, "Nuk fa?"

Ta rufe ido. Ta ce ta taɓa nema. Ruwa ke nan, da yaren mutanen Biyetnam.

Yaya Tsoho ya ce, "La haula wala ƙuwwata," a hankali.

Da ya farka Nora ta riƙe hannunsa ta tambaye shi ko yana so ya koma gida tare da ita. Majid na fassarawa a kunnena. Na sunkuyar da kai, na riga na shirya. Ya dubi ƙofar falon Basma, kamar mai neman shawara. Sai ya girgiza kai ya yi magana mai ɗan tsawo. Majid bai fassara ba. Na taɓa shi.

"Ya ce ba zai sake tayar da shi ba. Ya ce ya ja shi ƙasa-ƙasa shekara da shekaru, sai a garin nan ne ya samu ya zauna, don a nan ko'ina ka juya ana ba mutane ruwa. Ya ce tsufa ne ya sa ya sake miƙewa, yana jiransa ne su tafi tare."

Nora ta yi kuka, ba ta yi gardama ba. Ta ce za ta zauna a Jidda tukuna.

Ba don ni ya zauna ba. Ba don Ka'aba ba ma, in dai abin da ya faɗa ne. Na karɓa a haka. Da muka iso shinge da dawowa, ɗan sanda ya leƙo ya duba takardunmu ya ce, "Ku huɗu?" Majid ya ce e. Abu Majid ya yi 'yar dariya.

Asabar, 26 ga wata, la'asar

Ya sha kunu kaɗan.

Litinin, 28 ga wata, da hantsi

Shekara talatin ina share bakin ƙofar nan, ina jingina tsintsiya a wurin, ina tara takalma. Bai taɓa ce mini komai ba. Yanzu nake tuna yadda yake kwashe takalman ya mayar gefe in ya zo wucewa, ni kuwa ina ce masa Bature mai tsari. Na tuna na'urar ruwan da ya kafa a ƙofar gini don masu wucewa, yadda in ta lalace ba ya iya cin abinci sai an gyara. Ina kwana da mutum ina tashi da shi, ashe mu uku ne.

Ban ji haushinsa ba. Na nemi haushin ban samu ba.

Laraba, 1 ga Zulhajji, bayan azahar

Zazzaɓi. Ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan tabarma. Duktura Abir ta zo da kanta, ta ce a kai shi mustashfa ko a bar shi a gida, duk ɗaya ne yanzu, mu zaɓa. Muka bar shi. Majid ya dawo da gadonsa falo don ya fi iska.

Nora na kira safe da yamma. Majid na sa masa wayar a kunne.

Alhamis, 2 ga wata, la'asar

Na cika kofin da kaina na kai bakin ƙofa. Ya bi ni da ido har na ajiye. Allah Ya yafe mini in kuskure ne.

Asabar, 4 ga wata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi.

Lahadi, 5 ga wata, bayan la'asar

An yi masa salla jiya a Harami bayan la'asar. Majid ya ce ba a iya ganin ƙarshen sahu, alhazan duniya duka, ba wanda ya san shi. Ya kira Nora ya ɗaga wayar sama don ta ji kabbarori. An kai shi maƙabartar Shara'i.

Kowa ya shigo tambaya ɗaya ce. Yaya Tsoho ne ya fara, idonsa jajur: "Rakiya, ya samu kalmar shahada?" Na ce, "Ya ɗaga yatsa." Ya ce Allahu Akbar, ya fita ya gaya wa maza, yanzu duk Mansur ta ɗauka.

Ga yadda aka yi. Ni kaɗai ce a wurin, Majid ya sauka sayo ƙanƙara. Rana ta cika falon. Ina riƙe da hannunsa na hagu ina maimaita masa kalmar a kunne, a hankali, kamar yadda aka koya mana. Leɓensa na motsi, ba sauti. Sai ya buɗe ido sosai, ya ɗaga hannun dama, manuniya a miƙe. Gadon yana fuskantar alƙibla. Ƙofar falon ma ta wannan gefen take.

Fuskarsa ta saki, irin sakin da ban taɓa gani a kanta ba. Hannun ya sauko.

Ban yi wa kowa ƙarya ba. Ya ɗaga yatsa.

Litinin, 6 ga wata, da walaha

Gida cike da mata. Hajiya Khadijatu, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene, ta karɓi kicin, ba ta bar ni in taɓa ko cokali ba. Ina zaune a kusurwa cikin takaba, ana shigowa ana fita, ana yi mini addu'a da Hausa da Larabci.

Majid ya ce Nora ta tambayi me za a rubuta a kan kabarin, tana so ta biya a sassaƙa dutse. Ya yi mata bayani cewa a nan ba a rubuta suna, ba a sa alama. Ta ce to.

Na ce, "Wa ke wurinta?"

Ya ce ba kowa. Ta koma masauki, tana ɗaki ita kaɗai, jirginta sai jibi.

Na dubi falon. Mata sun fi ashirin, wasu ma ba su taɓa yi masa magana ba, duk sun zo zama da ni. Ita kuwa da ta fito daga jikinsa tana kallon bango a Jidda. Ni ba ni da ikon fita, ita ba ta da ikon shigowa.

Na kira Hajiya Khadijatu gefe na gaya mata abin da ke raina. Ta ce, "Ba ma jin yarenta, Ummu Majid." Na ce, "Ni ma ban ji na ubanta ba a ƙarshe." Ta ɗaura nikabinta ta ce, "Bari in ga wa ke da mota."

Talata, 7 ga wata, da magariba

Sun tafi da safe, mota biyu, da tukunyar shinkafa da tulunan gahawa da dabino. Majid ya ɗauko Nora ya kai ta gidan Basma. Gari ya fara tashi zuwa Mina, hanya a cushe, ba su dawo ba sai yanzu.

Hajiya Khadijatu ta hawo tana haki, ta zube kusa da ni ta ba ni labari. Ta ce da farko baiwar Allah ta tsorata, ta ga baƙaƙen abayoyi na ta shigowa, ta miƙe za ta ba su wuri. Suka zaunar da ita a tsakiya, inda mai karɓar gaisuwa ke zama. Suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta riƙe hannunta ta ce Allah Ya jiƙansa, Allah Ya ba ki haƙuri. Basma ta fara fassarawa, Nora ta ce ta bari, ta gane. Aka zuba mata gahawa. Ba ta san ana girgiza finjali in an ƙoshi ba, ta yi ta sha ana ƙara mata, har wata ta lura aka yi dariya, ita ma ta yi, daga dariyar ta wuce kuka, suka bar ta ta yi mai isarta. Matar Issoufou ta ba ta labarin ranar da ubanta ya ɗauki ɗansu a kafaɗa har mustashfa. Wata ta ce shi ya saya wa mijinta tumakin farko da ya fara kasuwa da su. Nora ta ce ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Da za su taso ta bi su har bakin mota ba takalmi. Ta riƙe hannun Hajiya Khadijatu ta ce a gaya mini wata magana, Basma ta fassara. Ta ce shekara da shekaru tana zaton ubanta gudu ya yi ya ɓuya. Yau ta ga inda ya je.

Hajiya ta ce, "Ta ci shinkafar ma, da hannu. Ta ƙara."

Na ce alhamdu lillahi. Na tambaya ko akwai saura a tukunyar, don tun ranar Asabar ban ji yunwa ba sai yanzu.